Yadda Ake Haɗa Ma'aunin Farashin Kayan Masarufi a Ƙasashe Masu Tasowa: Tambayoyi da Amsoshi

Kowane wata hukumar ƙididdiga takan fito da lamba guda ta ce ga yadda hauhawar farashi take. Babban banki ya dube ta ya ɗaga kuɗin ruwa, ƙungiyoyin ƙwadago su ɗauke ta su tafi teburin neman ƙarin albashi, jama'a kuwa su ce ba su yarda ba. Ga yadda ake samo lambar nan, da wuraren da aikin ke yin rauni a ƙasashe masu tasowa.

Mene ne wannan ma'auni, kuma wa ke haɗa shi?

Lissafi ne da ke nuna yadda kuɗin sayen wani ƙayyadadden rukunin kaya da hidimomi ke canzawa daga lokaci zuwa lokaci. Rukunin nan shi ake kira kwando. Ana zaɓar wata shekara ko wani wata a ce shi ne tushe, a ba shi maki 100. Idan bayan shekara biyu ma'aunin ya kai 140, ke nan abin da aka saya da 100 a lokacin tushe yanzu sai da 140. Hauhawar farashi da ake faɗa a labarai ita ce saurin hawan wannan maki, galibi idan aka kwatanta wata da takwaransa na bara.

A yawancin ƙasashe hukumar ƙididdiga ta ƙasa ce ke aikin: NBS a Najeriya, IBGE a Brazil, KNBS a Kenya, INDEC a Ajantina. A Meziko babban banki ne ya daɗe yana yi, sai a 2011 aka miƙa wa hukumar ƙididdiga ta INEGI, don bai dace wanda aka ɗora wa yaƙi da hauhawar farashi ya zama shi ne kuma mai auna nasararsa ba. Ƙa'idojin aikin suna cikin wani kundi da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar tare a 2004, aka sabunta shi a 2020.

Ta yaya ake sanin abin da za a sa a cikin kwandon?

Ta hanyar binciken kashe-kashen kuɗin iyalai. Ana zaɓar dubban gidaje a faɗin ƙasa, jami'ai su riƙa kai musu ziyara suna rubuta duk abin da aka saya: abinci, haya, magani, kuɗin makaranta, katin waya, kuɗin mota. Binciken kirki yakan ɗauki shekara cur, domin abin da iyali ke kashewa lokacin girbi ba ɗaya ba ne da na lokacin da rumbu ya ƙare. Inda mutane ke iya rubutu akan bar musu littafi su cika da kansu. Inda ba haka ba sai jami'i ya dawo bayan 'yan kwanaki ya tambaya, kuma a nan mantuwa ke shiga. Mutum ba ya manta sayen keke, amma ƙananan abubuwan da ya saya a hanya sukan ɓace masa. Giya da taba kuwa an san mutane na rage yawansu da gangan, shi ya sa hukumomi ke gyara alƙaluman da bayanan haraji ko na masana'antu.

Daga wannan bincike ake fitar da abu biyu: jerin kayan, da kuma nauyin kowanne, wato kason da yake ci daga jimillar kuɗin da iyalai ke kashewa. Ana jera kayan bisa tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna COICOP. Tsohon tsarin na 1999 ya raba kashe-kashen iyali gida 12, sabon na 2018 ya mai da su 13, ya ware wa inshora da hidimomin kuɗi nasu gidan.

Me ya sa abinci ke da nauyi haka a ma'aunin ƙasashe masu tasowa?

Saboda talaka a kan abinci yake kashe mafi yawan abin da ya samu. Wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna haka tun 1857: gwargwadon ƙaruwar samun iyali, gwargwadon raguwar kason abinci a cikin abin da suke kashewa. A ma'aunin Indiya mai tushen 2012, abinci da abin sha sun ci kashi 45.86 cikin 100. A tsohon ma'aunin Najeriya sun ci kashi 51.8. A Amurka kuwa abinci bai kai kashi 15 ba, muhalli ne ya fi kowa nauyi.

Wannan yana da babban tasiri. Fari ɗaya, ko ambaliya, ko rufe iyaka, ya isa ya ɗaga ma'aunin ƙasa mai tasowa gaba ɗaya, alhali ƙarin kuɗin ruwa ba ya saukar da ruwan sama. Shi ya sa hukumomi ke fitar da ma'auni na biyu da aka cire kayan da farashinsu ke yawan hawa da sauka, kamar amfanin gona da makamashi. Masu tsara manufofin kuɗi suna son wannan na biyun. Ga mai gida kuwa, an cire masa ainihin abin da ke damunsa ne.

Sau nawa ake sabunta kwandon?

Shawarar taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya na 2003 ita ce a sake duba nauyin aƙalla duk shekara 5. Ƙasashe masu arziki da yawa duk shekara suke yi. A ƙasashe masu tasowa a nan ne babbar matsalar take, don binciken iyalai yana cin kuɗi sosai, sau da yawa kuma sai an jira tallafin waje.

Najeriya ta yi amfani da tushen 2009 har zuwa ƙarshen 2024, nauyin kuwa daga binciken 2003 zuwa 2004 aka samo shi, lokacin da wayar salula ke shigowa, ba a ma maganar sayen data. Indiya ta riƙe tushen 2012 sama da shekara goma. Ta yi binciken kashe-kashe a 2017 zuwa 2018, amma a 2019 gwamnati ta ce ba za ta fitar da sakamakon ba saboda matsalar ingancin bayanai, matakin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Kenya da ta koma tushen Fabrairun 2019 sai ga kuɗin kiran waya ya zama cikin abubuwa masu nauyi a kwandonta.

A ganina tsufan kwando ya fi maguɗi yawan ɓata ma'auni, sai dai ba ya jan hankalin jaridu. Ana iya tattara farashi da gaskiya kowane wata, amma idan nauyin na shekara 20 da suka wuce ne, rayuwar wasu mutanen daban ake aunawa.

Yaya ake ɗaukar farashi a kasuwar da ba a rubuta farashi, kuma komai sai an yi ciniki?

Nan ne aikin ya bambanta ƙwarai da na ƙasashen da kusan kowa ke sayayya a manyan kantuna. Jami'in tattara farashi yana da takarda, ko ƙaramar kwamfutar hannu, mai ɗauke da cikakken bayanin kowane kaya: iri, girma, samfuri, na gida ne ko na waje. Doka ta farko ita ce ya koma wurin mai sayarwa ɗaya, ya nemi kaya iri ɗaya, a kusan rana ɗaya ta kowane wata. Idan wannan watan ya tambayi shinkafa mai tsakuwa, wata mai zuwa ya tambayi tsabtatacciya, bambancin inganci ya auna, ba hauhawar farashi ba.

Sai batun awo. A kasuwanni da yawa na Afirka da Asiya ba a sayar da kayan gwari da kilo. Kashi-kashi ake kasawa, ko ƙulli, ko a auna da gwangwani. Mai sayarwa kuma ya fi son ya bar kuɗin kashi yadda yake ya rage girmansa. Idan jami'i ya rubuta kuɗin kashi kawai, zai koma ofis ya ce farashi bai motsa ba. Don haka yakan tafi da sikeli. Ya sayi kashin, ya ɗora, ya rubuta nauyi, a ofis a mai da shi farashin kilo. A ce watan jiya kashin ya kai giram 500, yau ya dawo 400 a kan kuɗi ɗaya: farashi ya tashi da kashi 25 cikin 100 ba tare da mai sayarwa ya ƙara ko sisi ba. Har gyaran da ake ɗora wa mai saye a sama dole a auna shi, don yana cikin abin da kuɗin ya sayo.

Ciniki kuwa ya fi wuya. Farashin da aka fara faɗa ba shi ake biya ba, abin da ma'auni ke nema kuma shi ne wanda aka biya. Wasu hukumomi kan ba jami'i kuɗi ya yi sayayya ta gaske kamar kowa. Wasu kan sa ya tsaya ya tambayi wanda ya gama saye nawa ya bayar. Kowace hanya da cikas ɗinta. Jami'in da ya saba zuwa wuri ɗaya duk wata, an gane shi. Mai kaya zai iya sassauta masa don sabo, ko ya faɗa masa farashin hukuma don yana zaton mai karɓar haraji ne. Idan kuma kuɗin sayen samfurin bai fito daga ofis ba, wanda yakan faru, sai a koma tambaya da baki. Akwai ma haɗarin jami'i ya cika takardar a gida bai je kasuwar ba. Kwamfutar hannu mai nuna wuri da lokaci ta rage wannan, tare da masu sa ido da ke bin sawu su sake tambayar wasu daga cikin farashin.

Kuɗin wuta, ruwa, waya da tikitin jirgi ba a bin kasuwa a kansu, daga kamfanoni da hukumomi ake karɓa kai tsaye.

Idan kaya ya ɓace daga kasuwa fa?

Idan na ɗan lokaci ne, kamar 'ya'yan itacen da ba lokacinsu ba, akan ƙiyasta masa farashi bisa yadda 'yan uwansa na rukuni ɗaya suka motsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwafi farashin watan jiya, amma kundin ƙa'idojin ya yi gargaɗi a kanta, don tana danne ma'auni ya nuna kamar komai na tsaye. Idan kayan ya tafi ke nan, sai a nemo makamancinsa, a yi ƙoƙarin raba nawa ne ƙarin farashi, nawa ne ƙarin inganci. Sabuwar waya mai tsada da ta fi tsohuwa ƙarfi misali ce. Wannan lissafi yana buƙatar ƙwararru da bayanai da yawa, ƙananan hukumomi kuma sukan yi shi ne da hukuncin ido.

A 2020, lokacin kullen korona, matsalar ta game ko'ina. Indiya ba ta iya fitar da cikakken ma'aunin watannin Afrilu da Mayu a kan lokaci ba, sai daga baya ta fitar da ƙiyasi.

Manomin da ke cin abin da ya noma, da mai zaune a gidan kansa, suna ciki?

Ya danganta da ƙasa. Idan manufar ita ce auna hauhawar farashin abin da ake saye da kuɗi, abin da iyali suka noma suka ci ba ya shiga. Idan ana son auna tsadar rayuwa ne, wasu kan yi masa kuɗi da farashin kasuwa mafi kusa su sa shi a nauyi. A ƙasar da rabin jama'a manoma ne, wannan zaɓi kaɗai yana iya canza kason abinci sosai.

Gida ma haka. Afirka ta Kudu tun 2009 tana ƙiyasta hayar da mai gida zai biya da haya yake yi. Amma inda kasuwar haya ƙarama ce, ko a ƙauyen da ba wanda ke haya, babu abin da za a kwatanta da shi, don haka ƙasashe da yawa kan bar shi waje. Kuma haya wuri ne da kuskure ke ɓuya: a 2003 hukumar ƙididdigar Afirka ta Kudun ta amsa cewa lissafinta na haya ya kumbura hauhawar farashi, ta gyara alƙaluman baya.

Ma'aunin "ƙasa" yana rufe ƙasar gaba ɗaya?

Ba koyaushe ba. Ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa sun fara ma'auni na bai-ɗaya a 1998, da taimakon cibiyar AFRISTAT da ke Bamako, amma shekaru da yawa birni mafi girma a kowace ƙasa kawai yake aunawa. Sai da aka koma tushen 2014 aka faɗaɗa shi zuwa sauran yankuna. Ma'aunin IPCA na Brazil na birane ne, na iyalai masu samun daga ninki 1 zuwa ninki 40 na mafi ƙarancin albashi. Akwai kuma ma'aunin INPC na masu samun ninki 1 zuwa 5. Indiya a tsarin 2012 tana ɗaukar farashi a ƙauyuka 1,181 da kasuwannin birni 1,114, kuma a farkon tsarin ma'aikatan gidan waya ne ke tattara na ƙauyukan, tunda su ne ke da ofis a ko'ina.

Wane lissafi ake yi da farashin bayan an tattaro?

Mataki biyu ne. Na farko, a haɗa farashin kaya iri ɗaya daga masu sayarwa daban-daban. A nan zaɓin dabara yana da muhimmanci. A ce a shago ɗaya farashi ya tashi daga 100 zuwa 200, a wani ya sauka daga 200 zuwa 100. A zahiri ba abin da ya canza. Amma idan ka tara ninkin shagon farko (2) da na shago na biyu (rabi) ka raba biyu, dabarar da ake dangantawa da wani masani ɗan Italiya mai suna Carli, za ka samu 1.25, wato ƙarin kashi 25 na ƙarya. Dabarar Jevons, wani masani ɗan Ingila, tana ninka su ne da juna ta ɗauki saiwa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon, ta ba da 1 daidai. Shi ya sa hukumomi da yawa suka koma gare ta.

Mataki na biyu, a haɗa rukunonin bisa nauyinsu, da salon da ake kira na Laspeyres, masanin Jamus da ya bayyana shi a 1871. Ga misali na ƙirƙira: abinci nauyi 50 ya tashi da kashi 30, muhalli nauyi 20 da kashi 5, sufuri nauyi 10 da kashi 20, sauran kaya nauyi 20 da kashi 10. Gudummawarsu 15 da 1 da 2 da 2, jimilla kashi 20.

To me ya sa lambar hukuma ba ta yi daidai da abin da nake gani ba?

Don kwandonka ba shi ne na ƙasa ba. Mu koma misalin sama. Iyalin da abinci ke cin kashi 70 na kuɗinsu, muhalli 10, sufuri 5, saura 15, tasu hauhawar kashi 24 ce. Masu hali da abinci ke cin 20, muhalli 30, sufuri 20, saura 30, tasu kashi 14.5. Farashi ɗaya, ƙasa ɗaya, lamba uku. Bugu da ƙari, ana fitar da nauyi ne daga jimillar kuɗin da aka kashe, don haka wanda ya fi kashewa ya fi yawan murya a cikin ma'aunin. Afirka ta Kudu tana fitar da hauhawar farashi ta rukunin iyalai goma daga mafi ƙarancin kashewa zuwa mafi yawa, abin da ya kamata kowace hukuma ta yi koyi da shi.

Akwai kuma halin ɗan Adam: abin da kake saye kullum ka fi jin tashinsa, kuɗin makarantar da bai motsa ba tun bara ba ka tuna shi.

An ce hauhawar farashi ta sauka, amma kaya ba su yi sauƙi ba. Ƙarya aka yi?

A'a. Idan ma'auni ya tashi daga 100 zuwa 130, sannan zuwa 150, hauhawar ta sauka daga kashi 30 zuwa kusan 15. Amma kaya sun fi na shekara biyu baya tsada da rabi. Gudun ne ya ragu, tafiyar ba ta tsaya ba.

Me ke faruwa idan aka sauya shekarar tushe?

Ana kawo sabon kwando da sabon nauyi, a mai da maki 100, sannan a ɗinke tsohon jeri da sabo don a iya kwatantawa. Wurin ɗinkin nan ne ake samun ruɗani. A Najeriya hauhawar Disambar 2024 a tsohon tsari kashi 34.80 ce, ta Janairun 2025 a sabon tsari mai tushen 2024 ta fito 24.48. Ba farashi ne ya faɗi cikin wata ɗaya ba, sikelin ne aka canza: nauyin abinci ya sauko zuwa kimanin kashi 40, nau'o'in kayan da ake bi suka ƙaru daga 740 zuwa 934. Duk wanda ya jera lambobin biyu ya ce an ci nasara, ya haɗa abin da bai haɗu ba.

Gwamnati na iya murɗe lambar?

Tana iya, an kuma gani. A Janairun 2007 gwamnatin Ajantina ta sa hannu a harkar INDEC, ta cire Graciela Bevacqua da ke shugabantar sashen ma'aunin farashi. Daga nan lambar hukuma ta riƙa fitowa ƙasa da rabin ƙiyasin masu zaman kansu. A 2011 aka ci tarar wasu kamfanonin da ke fitar da nasu ƙiyasin, sai 'yan majalisa na adawa suka koma sanar da shi da bakinsu. A Fabrairun 2013 Asusun Ba da Lamuni ya yi wa ƙasar tsawatarwa a hukumance kan ingancin alƙalumanta, kuma sai a 2016, bayan canjin gwamnati, aka dawo da ma'aunin da aka amince da shi. Akwai kuɗi a cikin lamarin: wani ɓangare na bashin ƙasar an ɗaure shi da hauhawar farashi, ƙaramar lamba na nufin ƙaramin biya.

Wasu kuwa shiru suke yi. Babban bankin Venezuela ya yi shekaru bai fitar da alƙaluma ba, sai a Mayun 2019 ya ce hauhawar 2018 ta kai kashi 130,060. Zimbabwe ta ba da kashi miliyan 231 na Yulin 2008, daga nan lissafin ya gagara, a 2019 kuma ta dakatar da fitar da lambar shekara-shekara na wasu watanni. A Turkiyya, lokacin da hukuma ta ce kashi 85.5 a Oktoban 2022, ƙungiyar masana ta ENAG ta ce ya haura 180.

Idan akwai farashin gwamnati da na bayan fage, wanne ake ɗauka?

Ƙa'ida ta ce wanda mutane ke biya a zahiri, kowanne bisa yawan cinikin da ake yi da shi. A aikace hukumar gwamnati ba ta son rubuta farashin da doka ta haramta, don haka inda aka ƙayyade farashin mai ko burodi kuma kayan suka yi ƙaranci, ma'auni yakan nuna ƙasa da gaskiya. Inda kuɗi iri biyu ke yawo ma akwai rigima. Zimbabwe ta fito da ma'aunin da ya gauraya farashin dalar Amurka da na kuɗin gida, wanda ya fi na kuɗin gida zalla ƙanƙanta nesa ba kusa ba, alhali mai karɓar albashi da kuɗin gida na biyun ne ya shafe shi.

Intanet ba za ta maye gurbin masu yawo a kasuwa ba?

Rikicin Ajantina ne ma ya haifar da gwajin farko mai girma: Alberto Cavallo da Roberto Rigobon na jami'ar MIT sun kafa shiri a 2008 da ke kwasar farashi kullum daga shafukan kantuna. Hanyar tana aiki ga tikitin jirgi, kayan lantarki da manyan kantuna. Amma mai kasa kaya a ƙasa ba ta da shafi, ba ta da na'urar karanta lambar kaya, kuma a wurinta mafi yawan jama'a ke sayen abinci. Sikeli da takalmi ba su gama aiki ba tukuna.

Ta yaya zan gane ko ma'aunin wata ƙasa abin dogaro ne?

Duba shekarar binciken iyalai da aka samo nauyin, ba shekarar tushe kaɗai ba, don sukan bambanta. Duba ko hukumar na buga nauyin kowane rukuni da matsakaicin farashin kaya ɗaya-ɗaya, ta yadda wani zai iya sake lissafin da kansa. Duba ko tana sanar da ranakun fitar da rahoto tun kafin lokaci kuma tana cikawa. Ƙasashen da suka shiga tsarin yaɗa bayanai na musamman da Asusun Ba da Lamuni ya kafa a 1996 sun ɗauki alkawarin fitar da ma'aunin kowane wata kafin wata guda ya cika.